Naman Kaza Mai Cin Itace: Inda Aka Same Shi

Ya kai manomi, da kai dagaci, akwai wani irin naman kaza mai tauri da ke tsirowa a gindin itace, wanda masana ke kira Ganodama. Siffarsa kamar rabin faifai ne manne da kututture. Samansa ja ne mai sheƙi, sai ka ce an shafa masa mai, ƙarƙashinsa kuwa fari ne mai ƙananan ƙofofi. Daga ƙofofin nan wata ƙura ke zuba, iska ta kwashe. Ita ce irinsa.

Tun a 1781 William Curtis ya bayyana wani irinsa da aka tsinta kusa da birnin London. A 1881 Karsten, mutumin Finlan, ya raɗa wa dangin sunan nan. A 1889 aka bayyana wani da aka samo a tsibiran Bonin na Japan, shi ne ke kashe itacen kwakwar manja a Malesiya da Indonesiya, gama yana ruɓar da gindinsa. An kuwa ga irin ciwon nan a Kwango tun 1915. A Nijeriya ma ana samun danginsa, galibi a kurmi, bisa kututturen da aka bari a gona.

To, ka lura da wannan. Abin da ka gani a waje 'ya'ya ne kawai. Ainihin abin yana ciki, zare ne fari mai cin itace har ya yi laushi. Yakan shiga ta wurin sara ko ƙuna, ko kuwa saiwa mai ciwo ta taɓa mai lafiya. Kadan ya fito fili, ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma cire shi ba ya warkad da itacen.

Saboda haka ga abin yi. Kada ka sari itace mai amfani a banza, kada ka hura wuta a gindinsa. Ka tone tsohon kututture da saiwarsa, ka ƙone, kafin ka dasa sabo a gurbin. Itacen da ya kamu, in yana kusa da gida ko kasuwa, a sare shi tun iskar damina ba ta kā da shi bisa mutane ba.

In ka same shi, ka yanko ɗaya tare da ɗan ɓawo, ka shanya ya bushe sarai, ka naɗe cikin takarda. Ka rubuta sunan itacen, da garin, da ranar, sa'an nan ka kai wa malamin gona. Da haka ake sanin inda ciwon ya kai.