Daga Ailan zuwa Indiya bisa keke

Ailan tsibiri ne a yammacin Turai, kusa da Ingila. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, ciyawarta ba ta bushewa. A can, cikin wani ƙaramin gari mai suna Lismore, wata yarinya ta tashi. Sunanta Dervla Murphy. An haife ta a shekarar 1931.

Ran da ta cika shekara 10, uwayenta suka ba ta keke, ba sabo ba. Kakanta kuma ya aiko mata da littafin taswira, shi ma tsoho. Ta yi ta duba taswirar. Ta ga in mutum ya ƙetare teku ya sauka Faransa, to, ƙasa a haɗe take har Indiya, sai ɗan siririn ruwa guda a Turkiyya. Wata rana tana hawan tudu bisa kekenta, ta dubi ƙafafunta suna juya feda. Sai ta yi tunani: in ta ci gaba da juya su haka, kwana da kwanaki, ai Indiya za ta isa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san manya dariya za su yi mata.

Amma tafiyar ba ta yiwu da wuri ba. Uwarta na fama da ciwon gaɓoɓi, ba ta iya tashi. Dervla kuwa ita kaɗai ce ɗiyarsu. Tana da shekara 14 ta bar makaranta, ta koma gida tana jinya. Shekara 16 ta yi a haka. In ta samu ƴan makonni na hutu, sai ta ɗauki keke ta tafi Ingila, ko Faransa, ko Jamus, ko Sifen, ta komo. A waɗannan gajerun tafiye-tafiye ta san abin da ƙafarta ke iyawa a yini guda, ta san nauyin da keke ke ɗauka. Ubanta ya rasu a 1961, uwarta ta bi shi a 1962. Sa'an nan ne ta soma shiri.

Ta fara da keken. Keken maza ne mai ƙarfi, ta raɗa masa suna Roz, sunan dokin wani jarumi na cikin wani tsohon littafin Sifen, ta gajarta shi. Keken yana da na'urar sauya gudu, wadda masu gyara ke kira giya. Ita ce ke sa hawan tudu ya yi sauƙi. Kun san abin da Dervla ta yi? Ta sa aka cire ta. Wani zai ce wauta ce, ga duwatsu masu tsawo suna jiran ta a hanya. Amma ta yi lissafi. Hanyoyin Asiya a zamanin nan yawancinsu ba kwalta, sai ƙura da tsakuwa. Giya kuwa abu ne mai laushin rai. In ta lalace a ƙauyen da ba a taɓa ganin irinta ba, wa zai gyara? Sarƙa da birki da faci, duk inda keke yake akwai wanda ya san su. Ta yarda ƙafafunta su sha wuya, keken dai kar ya tsaya.

Sai maganar taya. Taya ba ta yin tafiyar da ta fi kilomita 7000 ba ta cinye ba. Ku tuna, daga Yamai zuwa Damagaram kilomita 900 ne, ko kusa da haka. Tafiyar Dervla ta kai wannan sau takwas. In ta ɗaura tayoyi da yawa bisa keke, nauyi zai kashe ta. In ba ta ɗauka ba, ba lalle ta samu daidai da nata a kasuwannin hanya ba. Sai ta yi dabara. Ta sayi tayoyi, ta kai gidan waya, ta aika su ofisoshin jakadun Ingila da ke biranen da za ta ratsa. Tayoyin suka riga ta tafiya, suka zauna suna jiran ta. Cikin shirinta duka babu abin da ya kai wannan hikima.

Sauran kayan ba su da yawa: ƴan tufafi, magani, taswira, famfo, kayan faci, da abin rubutu. Yawancinsu suka shiga jakunkunan da ke rataye a keken. Ta tanadi fasfo, ta nemi biza, ta yi allurar rigakafi. Ta kuma sayi ƙaramar bindiga, ta koyi harbi a duwatsun bayan garinsu. A yau wanda ya isa iyakar ƙasa da bindiga a aljihu ba izini, gidan kaso zai kwana.

Abu guda ne lissafinta bai kama ba, shi ne sanyi. Cikin watan Janairu na 1963 ta ƙetare teku ta sauka Dankerk, a arewacin Faransa, ta hau Roz. Tana da shekara 31. Ashe ta faɗa cikin hunturun da Turai ta daɗe ba ta ga irinsa ba. A Ingila, rabon da a yi sanyi kamarsa an fi shekara 200. Kada ku kwatanta shi da ɗarin da muke sha lokacin buji. Can ruwan kogi kan daskare ya zama kamar dutse. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, taya ba ta kama ƙasa, yatsu ba su iya matsa birki. Wadda ta yi shekara 21 tana jiran wannan rana, ga ta tana tura keke da hannu, tana zamewa. A wasu wurare dole ta sa Roz cikin jirgin ƙasa ko babbar mota. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta juya ba.

Ta ratsa Italiya ta shiga Yugoslabiya, ƙasar da ta rarrabu daga 1991, yanzu ba ta cikin taswira. A can ne wasu dabbobi masu kama da kyarkeci suka far mata cikin dare, bindigar ta cece ta. Ta wuce Bulgariya da Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan. Cikin watan Yuli na 1963 ta shiga Delhi, babban birnin Indiya, rana kamar ta narkar da mutum. Abin da take rubutawa da dare a hanya shi ya zama littafinta na fari, Full Tilt, wanda ya fito a 1965. Ta rasu a 2022 a garinsu Lismore, tana da shekara 90.

Tambayoyi

1. Waɗanne kyaututtuka biyu aka ba Dervla ran da ta cika shekara 10?
2. Me ya hana ta tafiya har shekara 21?
3. Don me ta cire giyar kekenta? Kai da za ka cire? Faɗi dalilinka.
4. Yaya tayoyinta suka riga ta isa biranen hanya?

Aiki

Ku nemi taswirar duniya, ku bi hanyar Dervla da yatsa daga Faransa har Indiya, ku rubuta sunayen ƙasashen bi da bi.

In mai keke yana yin kilomita 75 a yini, kwana nawa zai yi daga Yamai zuwa Damagaram?

Ku je wurin mai gyaran keke na unguwarku, ku tambaye shi abin da ya fi lalacewa a keke, da kayan da yake gyara shi da su. Gobe kowa ya kawo amsarsa.