Rana da cikakken caji ke tsufar da batirin motar lantarki

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu leƙowa garejinmu da batun motar lantarki suka ƙaru, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Oga, shekara nawa batirin zai yi?" Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa ƙarfinsa ba zai gaza kashi 70 cikin ɗari ba. Sai dai garantin nan ba kasafai yake biyo motar kwatano ba. Kulawar ta koma hannun mai mota.

A aikin nan na ga cewa doguwar tafiya ba ta cin batirin litiyam kamar yadda zafi ke cinsa, musamman idan a cike yake. Mutum ya yi caji har ɗari bisa ɗari, ya girke mota a ƙofar gida cikin ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ta kwana uku ba ta motsa ba. Shi a ganinsa tana hutawa, alhali batirin na ta lalacewa daga ciki. Haka ta faru da masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka a 2012, domin batirinta ba ya da tsarin sanyaya shi da ruwa. Mai son sayen tsohuwar Leaf ya dubi allon gaban direba: akwai ƙananan sanduna 12 masu nuna lafiyar batirin. Ta farko in ta ɓace, kusan kashi 15 ya tafi, kuma ba ya dawowa, komai daɗin bakin dillali.

Don zirga-zirgar yau da kullum, a riƙe caji tsakanin kashi 20 da 80. Kada a cika shi sai ranar tafiya, a kuma tashi da wuri. Batirin LFP, irin wanda kamfanin BYD ke sa wa motocinsa da yawa, ya fi haƙuri, har ana so a riƙa cika shi lokaci-lokaci don lissafin cajin ya daidaita. Ka tambayi irin naka.

Caji mai sauri yana ɗumama batiri, don haka kada ya zama na kullum. Cajin dare a inuwa ya fi. Masu jonawa da janareto kuma, in wutar na rawa ko ba wayar ƙasa, sau da yawa motar ƙin karɓa take yi, kuma gaskiyarta.

Motar da aka janyo mana "ta mutu", galibi ƙaramin batirinta ne mai bolt 12 ya sauka, irin na kowace mota, babban kuwa lafiyarsa lau. Wannan kowane mai wayarin zai iya canzawa. Amma wayoyin babban batirin, masu launin ruwan lemo, suna ɗauke da ɗaruruwan bolt. Kada a bar yaron gareji ya kusance su da sifana.