Wasiƙa ga matasa: idan abokin tarayya ya riga ku gidan gaskiya

Ya ku 'ya'yana.

Ina ganinku kuna haɗa kuɗi ku sayi Keke Napep, ko fili a bayan gari, ko ku kama shago ku biyu a Kantin Kwari. Abin yana faranta mini rai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ran da ɗayanku ya kwanta dama, kun san rabonsa na wa ne?

A unguwarmu an yi wa da ƙane da suka sayi gida tare, rabi da rabi, aka sa sunan wan a takarda saboda girmamawa. Ƙanen ya rasu ya bar mata da yara ƙanana. Da matar ta fita takaba ta taɓo maganar, sai wan ya ce, “Haba, ai 'ya'yansa 'ya'yana ne, me ake gaggawa?” Kunya ta rufe mata baki. Shekaru suka shuɗe, shi ma wan ya bi ƙanensa. Da idona na ga babban ɗan ƙanen a gaban alƙali, riƙe da tsohon rasit a cikin leda, tawadar duk ta koɗe. Aka ce ya kawo shaidu, tunda shi ne mai da'awa, ga shi waɗanda suka san cinikin duk ƙasa ta rufe musu ido. Yau gidajen nan biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ku riƙe wannan: mutuwa tana warware tarayya, kuma kason mamaci ba ya komawa hannun abokin tarayyarsa. Na magada ne. Da farko a ware rabon mai rai, don shi ba gado ba ne. Daga abin da ya rage a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba yadda ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka tsara.

A ce gidan ya kai naira miliyan 16, babu bashi babu wasiyya, iyaye sun rasu, an bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Miliyan 8 ta wan ce. A cikin miliyan 8 ta mamacin, matar tana da tumuni, wato miliyan 1, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Wan ba ya cin ko kwabo a ciki, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa.

Shi ma mai rai shari'a ba ta bar shi haka ba. A mazhabar Malikiyya, idan magada suka sayar wa bare kasonsu na gida ko gonar da ba a raba ba, yana da haƙƙin shufa'a: ya biya kuɗin da aka saya ya karɓa. In yana gari ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙin yakan faɗi.

Saboda haka, 'ya'yana, ranar da kuka haɗa kuɗi ku rubuta nawa kowa ya zuba, sunan kowa ya fito a takardar mallaka, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya ba iyalinsa kwafi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. In kuma kai aka bari a raye, kada ka jira a tambaye ka. Kira malami ko ku je kotu, a ƙiyasta, a fitar wa marayu nasu tun kana da ƙafar zuwa da bakin faɗin gaskiya.

Allah Ya sa ku gama da duniya babu haƙƙin kowa a wuyanku.

Wassalam,
Babanku mai ƙaunarku.