Filin Sana'o'i: Masu Aikin Ɗakin Kati a Asibiti

A wannan makon filinmu ya leƙa asibiti, amma ba wurin likita ko nas ba. In ka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son zama, kusan kowa likita zai ce maka. Guraben karatun likita kuwa kaɗan ne, kuma mun sha ganin yayyenmu sun shafe shekara biyu ko uku a gida suna maimaita JAMB, don sun ƙi duba wata hanya. To ga wata hanyar.

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san tagar da ake yankar kati. Waɗanda ke bayan tagar nan su ne jami'an adana bayanan lafiya. Su ke buɗe wa majiyyaci fayil, su ba shi lamba. In likita ya ba shi gado, fayil ɗin zai bi shi ɗakin kwanciya, a shigar da shi rajista, a rubuta ranar kwanciya da lambar gado, a riƙa saka sakamakon gwaje-gwajensa a ciki, a kuma ƙidaya marasa lafiyar ɗakin kowace rana. Ranar sallama a rubuta masa ranar dawowa.

Kada ku raina wannan aiki. A gari ɗaya za a iya samun mata da yawa masu suna iri ɗaya, sunan uba ma iri ɗaya, kuma da yawansu ba su san ranar haihuwarsu ba. Lambar nan ce kaɗai ke bambanta su. In aka ɗauko fayil ɗin wata aka miƙa wa likita, bayanin cewa jikin wannan ba ya karɓar allurar fenisilin ya ɓace ke nan, kuma irin wannan kuskure yana iya cin rai.

Wani abin da ya burge mu shi ne yadda manyan asibitoci ke jera dubban fayiloli ba tare da sun rikice ba. Akwai tsarin da ake karanta lamba daga ƙarshe. Ana raba kantoci gida ɗari, daga 00 zuwa 99. Fayil mai lamba 12-45-83 sai a nufi gida na 83, a cikinsa a nemi sashe na 45, sannan a ciro na 12. Amfaninsa shi ne sababbin fayiloli suna bazuwa ko'ina, ba sa taruwa a kanta ɗaya, ma'aikata kuma ba sa cunkushewa wuri guda.

Bayan sallama, kowace cuta ana ba ta lambarta bisa kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. A bugu na 10, kwalara A00 ce, ƙyanda kuma B05. Alƙaluman wata-wata suna shiga manhajar DHIS2, daga nan hukuma ke ganin inda wata cuta ta fara yawa.

Yaya ake shiga? Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da makarantun wannan fanni, haka ma kwalejojin fasahar lafiya na jihohi da dama. Shekara biyu ake yi a samu ND, wasu biyun kuma HND. Za ka koyi sassan jikin ɗan Adam, da kalmomin likitanci, da ƙididdiga, da kwamfuta, don asibitoci suna ta komawa ajiyar bayanai a na'ura. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan fannin ita ce HRORBN, wadda aka kafa a 1989. Kafin babanka ya biya ko sisi, a tabbatar hukumar ta amince da makarantar, in ba haka ba sai ka gama a hana ka lasisi.

Aikin yana da nasa ɗacin. Masu jinya a gajiye suke zuwa, wasu su huce a kanka, ga aikin dare. Mafi nauyi shi ne riƙon sirri. Wata rana fayil ɗin maƙwabcinku zai biyo ta hannunka, ka ga abin da ko iyalinsa ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da irin wannan bayani sai bisa sharuɗɗan da ta gindaya. Mu dai a ganinmu, mai kai labarin aji majalisa ya fara gyara bakinsa tun yanzu, ko ya nemi wata sana'ar.

Ga aikin gida. Ku jera waɗannan fayiloli bisa tsarin da muka bayyana: 30-11-07, 02-64-51, 18-11-07, 77-09-51. A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyarmu kafin tashi ranar Alhamis.