Darasi: An gama babban gyara, injin kamyo ya ƙi tashi



Ka tara buhunan albasa a Galmi, kana jiran kamyo ya kai su Yamai. Makanike ya yi kwana uku a kan inji. Ya sauke kan injin, wato kulas, ya sa sabon juwan, ya mayar. An murɗa makulli, inji ya ƙi tashi. Albasa kuwa ba ta jira cikin rana.

Riƙe wannan magana: injin da ke tashi kafin gyara, in ya ƙi tashi bayan gyara, a fara neman laifin inda hannu ya taɓa. Kada a yi saurin sayen sabon kaya. A bi abu ɗaya bayan ɗaya.

Injin gazuwal ba ya da buji mai tartsatsi. Piston ne ke matse iska har ta yi zafi, a fesa gazuwal, ya kama. Saboda haka yana bukatar abu 4: iska, gazuwal, matsi, da feshi a kan lokaci.

1. Saurara da kunnenka

In ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai, duba kawunan batiri. A kankare su, a ɗaure tamau. Duba babbar wayar da ke haɗa inji da ƙarfen mota, ana yawan mance ta. Babban kamyo yakan yi aiki da batiri 2 masu bolt 12, a haɗe su ba da 24. Ɗaya in ya mutu, ɗayan ba ya isa.

In inji ya fara juyawa ya cije, tsaya nan. Makanike ya juya shi da hannu zagaye 2 cikakku. In ya ƙi, ko ruwa ya shiga silinda, ko piston na bugun bawul. Kada a tura motar, sai a karya inji.

2. Duba hayaƙi da idonka

Inji na juyawa amma ba ya kamawa? Sa yaro ya dubi bututun hayaƙi.

In babu hayaƙi ko kaɗan, gazuwal ba ya isowa. Duba tanki. Duba wayar kashe inji, ko ta koma wurinta. Sau da yawa iska ce ta shiga bututu lokacin da aka kwance su. A sassauta ƙusar da ke kan matatar gazuwal. A yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ta ƙare, gazuwal ya fito zalla, sa'an nan a ɗaure. Daga nan a sassauta bututun injekta, a juya inji har su tofo gazuwal, a ɗaure su.

In farin hayaƙi ke fita, gazuwal na zuwa amma ba ya ƙonewa. A tabbata ba a mance tsumma a hanyar iska ba. In injin na da bujin ɗumama, a duba wayarsu. A sake auna ratar bawul, don in ta matse, matsi na zurarewa. A ƙarshe a duba alamun haƙoran famfo da na inji, ko sun yi daidai. Haƙori ɗaya in ya goce, feshi ya saɓa lokaci.

3. Abin da za ka kiyaye

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. A huta minti 2 kafin a sake, don kada demare ya ƙone.

Kada ka kai hannu kusa da feshin injekta. Ƙarfinsa na huda fata. Wanda ya same shi, a kai shi likita nan da nan.

Kada a zuba asansi a hanyar iska, gobara ce.

In inji ya tashi, duba fitilar mai. In ba ta mutu cikin ƴan daƙiƙu ba, kashe injin.

Sannu ba ta hana zuwa. Awa ɗaya ta bincike ta fi sake kwance inji.

Tambayoyi don tattaunawa da abokan karatu:
1. Waɗanne abubuwa 4 injin gazuwal ke bukata?
2. Mi rashin hayaƙi ke nunawa?
3. Don mi ba a tura motar da injinta ya cije?