Hankalin da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Darasi a Kan Ciwon Rashin Tattara Hankali ga Manya

Karatu: 1 Tasalonikawa 5:12-15, Yohanna 9:1-7, 1 Korintiyawa 12:14-26

Manufa: Domin masu bi su iya bambanta ragwanci da rashin lafiya, su kuma san irin taimakon da ya dace da kowanne.

Gabatarwa

Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aka sani da mantuwa da rashin natsuwa. Shi ne yakan fara ɗaga hannu idan ana neman mai aiki, shi ne kuma ba ya ƙarasa aikin. An ba shi littafin rahoton zumunta ya ɓatar, an sake ba shi wani ya manta da shi a cikin keke napep. An yi masa faɗa, an yi masa addu'a, ya yi alkawari har da hawaye, amma bayan mako biyu an koma gidan jiya. Daga ƙarshe sai a ce hali zanen dutse ne, a sauke shi daga aiki, a daina sa shi cikin lissafi.

Manzo Bulus ya nuna wa ikkilisiyar Tasalonika mutane iri uku, kowane da abin da ya dace da shi. Malalaci gargaɗi yake bukata, mai karyayyar zuciya ƙarfafawa, rarrauna kuwa tallafi, sa'an nan ya ɗora haƙuri a kan dukansu. Idan aka ba rarrauna maganin malalaci, an cuce shi. Wannan darasi zai duba wani rauni da aka daɗe ana ɗaukarsa ragwanci, wato ciwon rashin tattara hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan ADHD.

Tarihinsa a taƙaice

Ciwon ba sabon abu ba ne, ba kuma wayar hannu ce ta kawo shi ba. Tun a 1798 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu guda. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan game da yara masu basira waɗanda ba sa iya kame kansu. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba ciwon sunan rashin tattara hankali, a 1994 kuma ta kasa shi kashi uku. Shekaru da yawa an ɗauka ciwon yara ne da ke wucewa da girma. Yanzu an tabbatar cewa da yawa suna shiga girma da shi. Bisa ƙiyasin da ƙungiyar ta bayar a 2013, yara kimanin 5 cikin 100 ne ke da shi, manya kuwa kimanin 2.5 cikin 100. Ke nan a taron sujada na manya 400, ba abin mamaki ba ne a sami mutum goma.

Daga ina yake fitowa?

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne ke tsara aiki, ya auna lokaci, ya kuma ja wa mutum linzami kafin ya yi magana ko ya ɗauki mataki. A wurin mai wannan ciwo, sinadaran da ke kai saƙo a wannan sashe, musamman wanda ake kira dofamin, ba sa aiki yadda ya kamata. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, fiye da 70 cikin 100. Haihuwar bakwaini da haihuwar jariri marar nauyi su ma suna ƙara haɗarinsa. Ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, ba kuma ƙarancin basira ba ne. Mai ciwon ya san abin da ya kamata ya yi, aikatawa a kan kari ne ke gagararsa.

Almajiran Yesu sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Ubangiji bai ɗora wa kowa laifin ba, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai yi. Wannan amsa ta isa ta hana mai bi saurin danganta kowace lalura ga zunubi, ko sammu, ko aljanu.

Kashi na farko: mai rarrabuwar hankali

Likitoci sun lissafa alamu tara a wannan kashi. Yakan yi kurakuran ganganci a aiki. Ba ya iya daɗewa kan karatu ko sauraro. Ana yi masa magana kamar ba ya ji. Yakan fara aiki ya bari a hanya. Tsara ayyuka da lokaci na ba shi wuya. Yana gudun aikin da ke bukatar dogon tunani, kamar cike takarda ko haɗa lissafi. Yana yawan ɓatar da makulli, waya, ko katin banki. Ƙaramin motsi ko wani tunani yakan ɗauke hankalinsa. Yana mance alkawari da biyan bashi, ko da kuɗin na aljihunsa.

Wannan kashi shi ne ya fi ɓuya, domin mai shi ba ya damun kowa da hayaniya. Mata da yawa a nan suke. Yarinyar da ke zaune shiru a aji tana kallon taga, malami ba ya kai ƙararta. Sai ta yi aure, hidimar gida da ta yara ta taru a kanta, sa'an nan abin ya fito fili: tukunya ta ƙone sau uku a mako, ranar rigakafin yaro ta wuce, kuɗin adashi ya shige mata duhu. Dangin miji su ce sakarya ce, ita kuma ta yarda da su, ta shiga zargin kanta.

Kashi na biyu: mai ƙiriniya da gaggawa

Nan ma alamun tara ne, amma sukan sake kama idan mutum ya girma. Yaron da ke hawan katanga da bishiya, idan ya zama magidanci ba ya hawan komai, sai dai ƙiriniyar ta koma ciki. Yana kaɗa ƙafa ko wasa da biro. Ba ya iya zama har a gama wa'azi ko taron majalisa. Kullum yana jin kamar ana tura shi. Hutawa shiru azaba ce gare shi. Yana da yawan magana, yakan ba da amsa kafin a gama tambaya, yakan katse wa manya hanzari ba da niyyar raini ba. Bin layi a banki ko a gidan mai na ƙona masa rai. Gaggawarsa takan kai shi ga ajiye aiki cikin fushi, ko sayen abin da bai shirya ba, ko ganganci a tuƙi. Shi ya sa masu wannan ciwo suka fi sauran jama'a yawan haɗarin hanya.

Kashi na uku: mai haɗa duka biyun

Wannan shi ne wanda alamun ɓangarorin biyu suka cika a kansa. Ya kamata a lura cewa mutum kan iya sauyawa daga wani kashi zuwa wani, domin ƙiriniya takan lafa da shekaru, rarrabuwar hankali kuwa takan daɗe.

Akwai wani abu da ke ruɗa iyali. Mutumin da ba ya iya karanta shafi biyu, sai a gan shi ya kwana yana gyaran janareto ko koyon garaya, har ya manta da abinci. Sai a ce ashe yana iyawa, ga abin da yake so. Gaskiyar ita ce hankalin yana nan, sarrafa shi ne ke da wuya. Abin da ke da daɗi ko gaggawa yakan kama shi, abin da ke da muhimmanci amma babu armashi yakan kuɓuce masa.

Kama da wane ba ta wane

Kowa yana mantuwa, kowa kuma yakan gaji da dogon taro. Kafin likita ya ce babba yana da wannan ciwo, sai an sami aƙalla alamu biyar daga cikin tara na kashi guda, sun kai wata shida, suna bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da wurin aiki, suna kuma jawo masa hasara a zahiri. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne wasu alamun sun fara tun kafin ya kai shekara 12. Ba ciwo ne da ke kama mutum rana tsaka yana ɗan shekara arba'in ba.

Wannan sharaɗi yana da nauyi na musamman a Maiduguri. Tun daga 2009 mutanen wannan birni da na ƙauyukan Borno sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Dubbai sun baro Gwoza, Bama da Damboa da kayan jikinsu kawai. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, a Satumbar 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin. Wanda ya sha irin wannan firgici yakan rasa barci, ya riƙa zabura, hankalinsa ya kasa tsayawa kan komai. A ido ya yi kama da mai ciwon rashin tattara hankali, amma raunin zuciya ne, maganinsa kuma dabam. Haka nan ciwon baƙin ciki, yawan fargaba, da shan tiramol ko wiwi duk suna raba hankali.

Saboda haka tambayar farko ita ce: tun yaushe? Matar da ta riƙe shagonta da kyau har ranar da aka kore su daga garinsu, daga nan ta fara mantuwa, mai yiwuwa firgici ne. Mutumin da uwarsa ta ce tun yana firamare haka yake, wannan wani batu ne. Mafi wuyar ganewa su ne matasan da ba su kai shekara 12 ba lokacin da rikicin ya fara, domin ƙuruciyarsu ma cikin tashin hankali ta wuce. Wasu kuma suna ɗauke da duka biyun. Fasto ko dattijo ba zai iya warware wannan ba, aikin ƙwararre ne.

Ina za a nufa?

A Maiduguri akwai Asibitin Tarayya na Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa da ke hanyar Baga, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Mutane da yawa suna jin kunyar a gan su a irin wannan wuri, don kada a ce sun taɓu. Bai kamata mai bi ya ƙara wa ɗan'uwansa wannan kunya ba. Bulus da kansa ya yi tafiya da Luka likita, ya kuma ambace shi da ƙauna (Kolosiyawa 4:14). A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu neman irin wannan magani.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ciwon. Likita yakan yi tambayoyi ne masu zurfi, saboda haka yana da kyau a je da wanda ya san mutumin tun yana yaro, da tsofaffin takardun sakamakon makaranta idan suna nan. Akwai magunguna, kamar metilfenidet, da ke taimaka wa da yawa. Ba sa kawar da ciwon, suna rage ƙarfinsa ne, kuma likita ne kaɗai ke rubuta su. Sayen ƙwaya a kemis bisa shawarar aboki hanya ce ta faɗawa cikin shaye-shaye, wanda dama masu wannan ciwo sun fi saurin kamuwa da shi.

Aikin ikkilisiya da iyali

Sanin sunan ciwo ba ya ɗauke wa mutum alhaki. Wanda ya ci bashi zai biya, wanda ya ɓata wa matarsa rai zai nemi gafara. Abin da ke sakewa shi ne hanyar taimako. A ba shi aiki ɗaya a lokaci guda, a rubuce. A kasa babban aiki ƙanana-ƙanana, kowane da ranarsa. Ya sa ƙararrawar waya ta riƙa tuna masa, ya keɓe wuri guda na ajiye makulli da takardu, ya kiyaye lokacin barci. Idan dogon karatun Littafi Mai Tsarki na gagararsa, ya karanta ayoyi kaɗan da murya, ko ya saurara, ko ya yi addu'a yana tafiya. Ubangiji ba ya auna ibada da tsawon zama.

Majalisar ikkilisiya kuma ta duba inda ta sa shi. Wanda ba zai iya riƙe littafin ma'aji ba, mai yiwuwa babu kamarsa wajen ziyarar marasa lafiya, bishara a ƙauye, ko tafiyar da matasa. Musa ya yi kukan nauyin baki, Allah ya haɗa shi da Haruna (Fitowa 4:10-16). Haka ya kamata a haɗa mai zafin nama da mai tsari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa jiki ba zai iya yin watsi da gaɓar da ake gani rarrauna ba. Ikkilisiyar da ta sauke irin wannan ɗan'uwa ba tare da ta bincika ba, ta yi hasarar gaɓa daga jikinta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya za a bambanta malalaci da rarrauna bisa ga 1 Tasalonikawa 5:14?
2. Me ya sa ake daɗewa ba a gane wannan ciwo ga mata ba, me kuma Zumuntar Mata za ta iya yi?
3. Waɗanne kalmomi ake jifan masu mantuwa da su a gida da a ikkilisiya, wane lahani kuma suke yi?
4. Idan ɗan'uwa yana jin kunyar zuwa asibiti, wa ya kamata ya raka shi?

Addu'a: A roƙi Ubangiji ya ba shugabanni hikimar ganewa, ya ba iyalai haƙuri, ya kuma ƙarfafa likitoci da ma'aikatan jinya da ke hidima a Maiduguri da kewaye.