Kafin ku damƙa wa waya lissafin kuɗinku

'Ya'yana, yanzu aljihun kowannenku yana cikin wayarsa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai tsire da mai kayan miya a kasuwar Kafanchan sun iya cewa "turo, in ga alat". Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota zuwa Jos ko Kaduna ya yi tashin gwauron zabi, albashi ya daina ganin ƙarshen wata. Don haka na ji daɗi da na ji wasunku suna cigiyar manhajar da za ta riƙe musu lissafi. Ku dai zauna mu duba wadda ta dace da irin zamanmu.

Manhajar banki, ko ta OPay ko Moniepoint ko Kuda, abin da ya bi ta asusu kaɗai take gani. Ka je rumfar mai POS ka ciri dubu ashirin, sai ta rubuta layi ɗaya, an cire kaza. Daga nan ta makance. Ba ta ga na ɗan acaɓa ba, ba ta ga mudun gari da kwalbar manja ba, balle ɗari biyar ɗin da ƙanwarka ta karɓa a bakin ƙofa za ta makaranta. Nan ne kuwa kuɗinmu ke zurarewa. Ku nemi wadda za ku iya shigar da tsabar kuɗi da hannu cikin ƙiftawar ido, kuma tana aiki ko babu data, domin kun san yadda sabis yake in an nausa ƙauye. Wadda sai an latsa wuri biyar kafin a rubuta kuɗin ƙosai, ba za ku yi mako biyu da ita ba.

Yawancin waɗannan manhajoji an ƙera su ne don mai albashin wata. Malamin kwalejin Gidan Waya zai ji daɗinsu. Amma manomin citta a Kachia ko Kwoi fa? Kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa, bayan an haƙe an shanya an sayar, sannan ya zauna yana ci har damina ta kawo nata buƙatun na iri da taki da 'yan ƙwadago. Cutar da ta ruɓar da citta a 2023 ta nuna mana cewa shekara na iya zuwa hannu rabbana. Irin wannan mutum lissafin shekara yake buƙata. Ku duba ko manhajar za ta bar ku ku raba kuɗin kaka a kan wata goma sha biyu, ku kuma sa wa kowane kaso sunan da kuka ga dama: zubin adashi, gudummawar biki, gaisuwar rasuwa, baikon coci ko sadakar Juma'a, kayan Sallah, kayan Kirsimeti, da tafiya Kagoro bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Wanda ya ƙera manhajar a Amurka bai san da waɗannan ba, alhali ba a cikin albashin wata ɗaya ake fitar da su ba.

Wasu na ƙasashen waje, irin YNAB, da dala ake biyan kuɗinsu, ga canji yadda yake. Mint kuwa, duk da farin jininta, an rufe ta a 2024. Saboda haka ku tabbata kuna iya kwashe lissafinku zuwa Excel ko Google Sheets duk ran da kuka so.

Abin da ya fi damuna shi ne izinin da kuke bayarwa ba ku karanta ba. Me ya haɗa lissafin cefane da lambobin mutanen da ke wayarku, ko hotunanku? Da irin wannan izini ne manhajojin bashi suke tura wa surukai da fasto da liman saƙon tozarci, har sai da hukumar FCCPC ta shiga maganar. Duk wadda ta fara da taya ka lissafi, ta koma yi maka tallar rance kullum safiya, ka goge ta. Lambar sirrinka da lambar da banki ke turowa ta saƙo, kada ka ba kowa.

Ku kuma bambanta mai rubuta kuɗi da mai riƙe kuɗi. In za ku yi ajiya a irin su PiggyVest ko Cowrywise, ku fara bincika wace hukuma ce ta ba da lasisi, Babban Banki ko SEC, da ko inshorar NDIC ta shafi ajiyar. Yayyenku sun ga yadda MMM ta tafi da kuɗin jama'a a 2016, ku kuma kun ga na CBEX a 2025.

Kafin ku sauke komai, ku sayi ƙaramin littafi ku yi wata guda kuna rubuta duk abin da ya fita, kowane dare kafin barci. A ƙarshen watan za ku ga kason da kuɗinku ya rabu, da shi za ku gwada kowace manhaja. Mai ƙaramar waya kuma sai ya ci gaba da littafinsa, ya riƙa haɗa jimla duk ranar Lahadi.